MAI, MSLQ, SORS ko MCQ-30: Wanne Ya Dace da Auna Yadda Manya Ke Lura da Tunaninsu?

Wanda ya kai babi na uku a kundin digirinsa na biyu, a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi, ko Jami'ar Jihar Gombe, ko ta Tarayya da ke Kashere, kuma batunsa ya shafi yadda manya ke lura da tunaninsu yayin koyo, nan yake cin karo da tarin haruffa: MAI, MSLQ, SORS, MCQ-30, LASSI. Dukkansu takardun tambayoyi ne da mutum ke cikewa a kan kansa, kuma duk suna fitowa tare idan an bincika a intanet, shi ya sa da yawa ke ɗauka duk kanwar ja ce. Alhali ɗaya an yi shi ne don mai karatun littafi, ɗaya don darasi guda tak, ɗaya kuma don masu fama da yawan damuwa.

Shi abin da ake son aunawa, wanda ake kira metacognition da Turanci, John Flavell na Jami'ar Stanford a Amurka ne ya fito da shi fili a wata maƙala ta 1979. Akan raba shi kashi biyu. Akwai abin da mutum ya sani game da kansa a matsayin mai koyo, misali cewa haddar da ya yi bayan Asuba ta fi zama, ko cewa lissafi ba ya shiga kansa sai ya rubuta. Akwai kuma yadda yake sarrafa tunanin: ya tsara kafin ya fara, ya gane lokacin da ya daina fahimta, ya koma baya, ya auna kansa bayan ya gama.

Kafin kwatance, ka riƙe abu ɗaya: takardar tambayoyi tana kama abin da mutum ya yi imani da shi game da tunaninsa ne, ba abin da ke faruwa a kansa lokacin aiki ba. Richard Nisbett da Timothy Wilson sun nuna tun 1977 cewa mutane kan ba da bayani mai gamsarwa kan dalilan da ba su ne suka motsa su ba. Marcel Veenman na ƙasar Holan ya yi shekaru yana nuna cewa makin irin waɗannan takardu ba ya tafiya sosai da abin da ake gani idan an zaunar da mutum yana aiki yana faɗin tunaninsa a fili. Duk ma'aunin da ka zaɓa yana da wannan raunin, bambancin yana ga sauran abubuwa.

Abin da za a auna su da shi

Na farko, kuma shi ya fi sauran nauyi, dacewa da tambayar bincikenka: koyo gaba ɗaya kake so, ko karatu, ko koyarwa, ko damuwa? Na biyu kuɗi, wanda ba lasisi kaɗai ba ne. Yawan shafuka sau yawan mutane shi ne kuɗin fotokofi, sannan yawan jimloli shi ke ƙayyade yawan mutanen da za ka nema. Ƙa'idar da aka saba bi wajen tantance rukunnai (wato kason da aka raba jimlolin ma'auni a ciki) da lissafi ita ce mutum 5 zuwa 10 ga kowace jimla, kuma gara kada a gaza 200. Na uku ƙarko: idan an kai ma'aunin wata ƙasa ko wani harshe, rukunnansa suna tsayawa ko suna wargajewa? Na huɗu sauƙin cikewa da fassarawa. Na biyar haɗari, wato inda aka fi yin kuskuren da zai ɓata aikin ranar kare kundi.

MAI mai jimla 52

Gregory Schraw da Rayne Dennison ne suka fitar da shi a 1994, don manya, kuma da ɗaliban jami'a a Amurka suka gwada shi. Jimla 17 na sanin kai ne: 8 kan sanin abin da ka iya, 4 kan sanin yadda ake yi, 5 kan sanin yaushe dabara ke aiki da dalilinta. Sauran 35 na sarrafawa ne: tsarawa 7, sarrafa bayanai 10, bibiyar fahimta 7, gyara kuskure 5, auna kai 6.

Ba a sayar da shi. Yana cikin maƙalar, ana amfani da shi a bincike tare da ambaton masu shi. Amma shafi uku ne idan an buga shi yadda ido zai iya karantawa, don haka mutum 300 shafi 900 ke nan, kuma bisa ƙa'idar da aka ambata kana bukatar mutum 260 zuwa 520.

Ƙarkonsa rabi da rabi ne. Manyan rukunnai biyun suna fitowa da daidaituwar amsa mai kyau, sai dai ƙananan rukunnai takwas ɗin ba su fito da tsabta ba ko a hannun masu shi. Su ma kan biyun suka tsaya. Saboda haka wanda ya gina hasashe takwas a babi na ɗaya, kowanne a kan ƙaramin rukuni guda, ya yi gini a kan yashi. Rukunin da ke da jimla 4 kacal da wuya alfarsa ta Cronbach, wato lambar da ke nuna daidaituwar amsoshi, ta kai 0.70 a hannun mutanen da Turanci ba harshen gidansu ba ne.

Haɗarinsa biyu ne, kuma dukkansu ana ganinsu a kundaye. Na farko, sigar da ta fi yawo a intanet ta "gaskiya ko ƙarya" ce, maki ɗaya ko sifili. Ba haka aka yi shi ba. A asalinsa layi ne mai tsawon milimita 100, mutum ya sa alama inda yake ganin ya dace da shi. Idan ka ba babban mutum zaɓi biyu kawai kan jimla irin "nakan tambayi kaina lokaci zuwa lokaci ko ina cim ma burina", wa zai ce ƙarya? Kusan kowa sai ya tashi da 45 ko 48 cikin 52, maki ya taru a sama, ka rasa bambancin da za ka yi lissafi da shi. Ka yi amfani da matakai biyar, ka kuma faɗi a kundin cewa ka sauya. Na biyu, kwatanta jimillar rukunnai biyun kai tsaye. Mai jimla 35 dole ya fi mai 17 yawan maki. Sai ka raba kowanne da yawan jimlolinsa kafin ka ce wani ya fi wani.

Wani abu da ba a cika lura da shi ba: duk da an ce na manya ne, warin aji yake yi. Akwai jimlar da ke tambaya ko ka san abin da malami yake so ka koya, akwai mai tambaya ko kakan san yadda ka yi da zarar ka gama jarrabawa. Ka kai wannan wa tela a Wunti ko mai gyaran waya a Gombe wanda rabonsa da aji ya kai shekara goma sha biyar, sai dai ya amsa don kada ya ba ka kunya.

MAI gajere mai jimla 19

George Harrison da Lisa Vallin sun sake tace MAI a 2018, suka ga jimla 19 daga cikin 52 sun fi tsayawa a rukunnai biyu: 8 na sani, 11 na sarrafawa. Shafi guda ne, ana gamawa kafin a gaji, mutum 200 sun wadatar. Ƙarkonsa ta fuskar lissafi ya fi na uwar tasa, ko da yake bai kai ta yawan gwaji a ƙasashe ba. Abin da za ka rasa shi ne ƙananan rukunnan nan, waɗanda dama ba su da tabbas. Haɗarin kawai shi ne ka tsinci wasu 19 da kanka ka kira su da wannan suna. Jimlolin ƙayyadaddu ne, sai ka ɗauko su daga maƙalar. Ga yawancin masu bincike a kan ɗaliban jami'a da kwalejojin ilimi, wannan ne ya fi cancanta.

Malamai kuwa suna da nasu, MAIT, wanda Cem Balcikanli na Turkiyya ya gina a kan MAI a 2011: jimla 24, rukuni shida, kowanne huɗu, duk an juya su zuwa koyarwa. Idan malaman firamare ko ɗaliban koyon malanta a Azare ko Gombe kake nufi, ya fi a yi ta lanƙwasa MAI da hannu.

MSLQ

Paul Pintrich da abokan aikinsa a Jami'ar Michigan suka fitar da littafin jagorarsa a 1991. Jimla 81 ne a rukuni 15, 31 kan himma da 50 kan dabarun koyo, matakan amsa bakwai. Kyauta ne, jagorar tana ERIC, ma'ajiyar binciken ilimi ta intanet, kuma an tsara shi ne yadda za ka ciro rukunin da kake so ka bar sauran. Rukunin da ya shafe mu, na sarrafa tunani, jimla 12 ne kacal.

Bambancinsa da MAI shi ne darasi guda yake tambaya a kai, "a wannan kwas ɗin". Wannan ƙarfi ne, domin ɗalibin da ke bibiyar fahimtarsa a kimiyyar sinadarai yana iya zama mai haddar dare ɗaya a darasin Turanci na kowa da kowa. Rauni ne kuma ga wanda ba ya cikin aji. Masu shi sun ce minti 20 zuwa 30 ake cike shi duka. A ɗakin lacca mai zafi, da Turanci a matsayin harshe na biyu ko na uku, ka ƙara a kan haka. Ka tsaya a bayan ɗakin ka kalli hannuwa: a shafin farko biro yana tsayawa a kan kowace jimla, a shafi na uku sai ka ga yana gangarowa layi ɗaya, shida, shida, shida, ido kuma yana kan ƙofa. Takardun nan sai an ware su kafin lissafi.

Biyu daga cikin jimla 12 ɗin a juye suke, wato ta 33 da ta 57 a lambobin asali; yarda da su alamar rauni ce. Sai ka cire amsar daga 8: wanda ya zaɓi 6 makinsa 2. Mantawa da wannan shi ne sanadin alfa mai ƙasa da ke tayar wa ɗalibai hankali ana saura mako a miƙa aiki. Game da ƙarko, Marcus Credé da Alison Phillips sun tattara bincike masu yawa a 2011, suka ga alaƙar rukunnansa da sakamakon jarrabawa daga ƙarama ce zuwa matsakaiciya, kuma dagewa, da yarda da iyawar kai, da sarrafa lokaci na cikin waɗanda suka fi ƙarfi. Don haka kada ka yi wa mai duba aikinka alkawarin alaƙa mai girma.

SORS da MARSI

Waɗannan na karatu ne zalla. Kouider Mokhtari da Carla Reichard sun fitar da MARSI a 2002 don 'yan makaranta masu Turanci a baki, a shekarar kuma Mokhtari da Ravi Sheorey suka fitar da SORS don matasa da manya masu karatu da Turanci a matsayin baƙon harshe. Jimla 30, matakai biyar, rukuni uku: dabarun gaba ɗaya 13, warware matsala 8, neman tallafi 9. SORS har yana tambaya ko mutum kan fassara abin da yake karantawa zuwa harshensa na gida, wanda shi ne ainihin abin da ɗalibi daga Misau ko Dukku ke yi a zuci da littafin Turanci. Fassarar makinsa a shirye take: 3.5 zuwa sama babba, 2.5 zuwa 3.4 matsakaici, 2.4 zuwa ƙasa ƙarami. Akwai MARSI-R na 2018 mai jimla 15. Da yake jimlolin a kan ayyuka ne da ake gani, kamar ja layi da buɗe ƙamus, sun fi sauƙin amsawa da gaskiya. Sai dai yawan dabara ba shi ne gwaninta ba: mai rauni a karatu yana iya fin gwani buɗe ƙamus.

MCQ-30

Nan ne aka fi faɗawa rami, saboda sunan ya yi kama da abin da ake nema. Adrian Wells da Sam Cartwright-Hatton a Ingila suka fitar da shi a 2004, gajartawa daga mai jimla 65 na 1997. Jimla 30, rukuni biyar masu shida-shida, matakai huɗu, jimillar maki daga 30 zuwa 120. Yana auna imanin mutum game da damuwa: cewa damuwa tana da amfani, cewa ba ta sarrafuwa kuma tana da haɗari, rashin yarda da ƙwaƙwalwarsa, jin dole ya danne wasu tunane-tunane, da yawan sa ido a kan zuciyarsa. A nan maki mai yawa alamar matsala ce. Wanda ya ba ɗalibai MCQ-30, ya ga sun sami 85, ya rubuta cewa suna da wayewar tunani mai kyau, ya karanta sakamakonsa a kife.

A fagensa yana da ƙarko. Rukunnansa biyar sun tsaya a harsuna da dama. Ka nemi izinin masu shi kafin ka fassara. Ka kuma yi hattara da rukunin danne tunani, inda akwai jimlar da ke cewa za a hukunta mutum idan bai sarrafa wasu tunane-tunane ba. A wurinmu ba wanda zai karanta wannan bai tuna da waswasi ba. Wani zai yarda da ita saboda tsoron Allah, wani zai ƙi saboda ya san hadisin da ya ce an yafe wa al'umma abin da zuciya ta raya muddin ba a aikata ko furta ba. Duka biyun amsar akida suka ba ka, ba ta lafiyar ƙwaƙwalwa ba. Kuma tun da tambayoyin na iya tono damuwa, kwamitin ɗa'ar bincike zai so ya ga inda za ka tura wanda ya bukaci taimako.

LASSI

Na sayarwa ne, ana biya da dala kan kowane mutum. Claire Weinstein da abokanta suka yi shi. Bugu na uku na 2016 yana da jimla 60 a rukuni 10. Kwamfuta ke fitar da maki, amma da ɗaliban Amurka take kwatanta ɗalibinka. Ga mai biyan kuɗin bincike daga albashinsa, babu dalilin zuwa nan.

| Ma'auni | Jimloli | Abin da yake aunawa | Kuɗi | Ƙarko | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| MAI | 52 | Koyo gaba ɗaya | Kyauta, shafi 3 | Rukuni 2 sun tsaya, 8 ba tabbas | Sigar gaskiya ko ƙarya |
| MAI gajere | 19 | Koyo gaba ɗaya | Kyauta, shafi 1 | Mai kyau | Tsintar jimloli da ka |
| MAIT | 24 | Koyarwa | Kyauta | Gwajinsa bai kai na MAI ba | Malami ya yabi kansa |
| MSLQ | 81, ko 12 | Darasi guda | Kyauta | Matsakaici | Gajiya, jimloli a juye |
| SORS | 30 | Karatu da baƙon harshe | Kyauta | Matsakaici | Ɗaukar yawa a matsayin gwaninta |
| MCQ-30 | 30 | Imani game da damuwa | Sai da izini | Mai kyau a fagensa | Karanta maki a kife |
| LASSI | 60 | Dabarun karatu | Dala | Mizanin Amurka | Tsada |

Fassara, inda aikin ke tsayawa ko faɗuwa

Idan mutanenka ɗaliban jami'a ne, bar shi da Turanci ka sauƙaƙa kalmomi masu wuya, ka rubuta abin da ka sauya. Idan 'yan ajin yaƙi da jahilci ne ko ma'aikatan da suka fi sakewa da Hausa, sai fassara, kuma ba aikin mutum ɗaya ba ne. Mutum biyu su fassara kowa shi kaɗai, a haɗa, na uku wanda bai ga asalin ba ya mayar Turanci, a kwatanta. Hanyar da Richard Brislin ya bayyana ke nan a 1970. Sannan ka zauna da mutum 8 zuwa 10, ɗaya bayan ɗaya, kowa ya karanta jimla ya gaya maka da bakinsa abin da ya fahimta. Nan za ka ji "dabara" ta zama wayo a kunnen wani, "buri" ya zama burin rayuwa kamar zuwa Hajji ko gina gida, ba burin zaman karatu ba. Ka tuna kuma a Kaltungo da Billiri da Tafawa Ɓalewa da yawa Hausa harshe na biyu ne a gare su, don haka Hausar littafi mai zurfi ba za ta yi ba.

Matakai bakwai ba su da sunaye bakwai masu rarrabewa a Hausa. Biyar suna zama: sam, ba kasafai ba, wani lokaci, sau da yawa, kullum. Tambayar "sau nawa" ta fi "ka yarda ko ba ka yarda ba", domin kunya da kara kan sa mutum ya yarda da duk abin da baƙo ya kawo. Kada malaminsu ya raba takardar, kada a rubuta suna. Idan karanta musu za a yi, mace ta karanta wa mata, kuma idan uwa ta ce "in sha Allahu ina yi", mai karantawa ya tambaya cikin ladabi, "Hajiya, a makon jiya sau nawa?" Daga nan gwajin farko da mutum 30 zuwa 50, a duba alfa a manhajar lissafi ta SPSS ko jamovi wanda kyauta ne, a maimaita da su bayan mako biyu. Inda sabis ba shi da ƙarfi, KoboToolbox yana karɓar amsa a waya ba tare da intanet ba, ya tura daga baya.

Ƙari guda mai arha yana toshe raunin da aka faɗa tun farko. Ka ba su gajeren rubutu da tambaya 10. Kafin su ga sakamako kowa ya rubuta nawa yake zaton ya ci. Wanda ya ce 8 ya ci 5, tazararsa 3 ce a sama; wanda ya ce 6 ya ci 6 ya san kansa. David Dunning da Justin Kruger sun nuna a 1999 cewa masu rauni a abu sun fi kai zatonsu sama. Gwajin zaton minti 15 zai ci, ya ba ka lamba ta biyu da ba ta dogara da yabon kai ba.

Wanne ga wa

Mai binciken ɗaliban jami'a ko kwaleji kan koyo gaba ɗaya ya ɗauki MAI mai 19 da matakai biyar, ya haɗa da gwajin zato. Idan mai duba aikinka ya dage kan 52, yi, amma ka ba da rahoton rukuni biyu. Malamin da ke son sanin halin ɗalibansa a kwas guda, ko ya gwada wata hanyar koyarwa kafin da bayan zangon karatu, jimla 12 na MSLQ sun ishe shi, ya ƙara rukunin dagewa da na sarrafa lokaci in yana so. Sashen Turanci da masu nazarin fahimtar karatu su nufi SORS. Mai bincike kan malamai ya ɗauki MAIT, ya kuma shiga aji ya kalli kaɗan daga cikinsu. Likitan ƙwaƙwalwa ko mai ba da shawara da ke nazarin damuwa da waswasi, MCQ-30 nasa ne, bayan izini da gwada fassarar rukunin danne tunani. Mai son auna 'yan kasuwa, masu sana'ar hannu ko manoma kuwa, babu ko ɗaya cikin waɗannan da aka yi dominsu: ya zauna da mutum 15 zuwa 20 suna aikinsu suna faɗin abin da ke zuwa ransu, ya naɗa a waya da izininsu, daga nan ya rubuta jimlolinsa da kalmomin da suka yi amfani da su.